Iskar da Ta Shige Ni a Bin Mahmud

Kowa a Bakori ya gargaɗe ni da zafin ƙasar Larabawa. Babu wanda ya ce mini sanyi ne zai kusa kashe ni.

Ejan da ya yi mini hanya ya ce aikin otal ne, zan zauna a kujera ina miƙa wa baƙi makulli. Da muka sauka Doha wata farar bas ta kwashe mu zuwa Mu'aither, aka zuba mu a wani gida mai gadaje masu hawa biyu. Washegari aka miƙo mini kakin gadi, baƙin wando da rigar da ta yi mini yawa a kafaɗa. Na kira lambar ejan, ba ta shiga. Na sake kira da yamma, ba ta shiga. Wani ɗan Sakkwato da ya riga ni zuwa ya dube ni ya ce, “Malam, adana katinka. Dukkanmu nan otal muka zo yi.”

Aka ba ni gadin wani dogon bene a Bin Mahmud, inda Indiyawa da Misirawa da 'yan Filifin ke haya da iyalansu. Aikina in tsaya a falon shiga tun hantsi bai yi ba har bayan magariba. Daidai saman inda aka ce in tsaya akwai bakin na'urar sanyi, tana huro mini a ƙeya yini guda. In na leƙa waje zafi ya mare ni, in na dawo ciki gumin ya bushe a jikina kamar an watsa mini ruwan ƙanƙara. Na roƙi a rage ta, aka ce masu haya ba za su yarda ba.

Abincin kamfani a roba yake zuwa da safe, kafin azahar shinkafar ta yi tauri ta sandare, miyar kuma wani ƙamshi take da hancina bai saba da shi ba. Na gwada, cikina ya ƙi. Sai na koma biskit da busasshen burodi da lemon kwalba mai sanyi, da kofi baƙi ƙirin saboda kada barci ya ɗauke ni a tsaye. In na koma ɗaki in jiƙa garin kwaki da ruwan firij in sha in kwanta. Ni dama can siriri ne, a gida Sanda abokaina ke ce mini. Cikin 'yan watanni sai da na huda sabon rami a bel ɗina.

Daga nan jikina ya fara yi mini abin da ban san shi da shi ba. Fatata ta bushe tana farfashewa. Sai in yi kwanaki ban zaga ba, ciki ya kumbura yana ƙugi. Gwiwoyina suna ƙara in na yi ruku'u. Barci ya ƙaurace mini, in ma ya zo sai in farka zuciyata tana bugu kamar an biyo ni. Hannuna ya soma rawa.

Rashin barcin ne ya fi tayar mini da hankali, kuma akwai dalili. Ina da wa, Yaya Sabi'u. Shi ne ya fara fita neman kuɗi a gidanmu, ya tafi Libiya da ƙafarsa, aka dawo mana da shi ana riƙe da shi. Abokan tafiyarsa sun ce da rashin barci abin ya fara, sai ramewa, sai surutai. A unguwa aka ce iska ce ta shige shi a sahara. Yanzu yana zaune a zauren gidanmu, yana dariya shi kaɗai, Inna ce ke ba shi abinci a baki in ya ƙi ci. Mahaifinmu ya rasu. Ni ne na rage mata. Duk sanda na ga hannuna yana rawa, zauren nan nake gani da tabarma biyu a shimfiɗe.

A ɗakinmu na Mu'aither akwai wani ɗan Yuganda da ke kwana a gadon da ke samana. Mutum ne mai fara'a, yana koya mini Turancin aiki. Sai ya daina magana da kowa, ya koma magana da bango. Wata rana muka dawo daga aiki muka tarar an naɗe katifarsa. Na tambayi direban bas ɗinmu, ya ɗaga hannu sama kamar jirgi ya tashi, ya ce, “Khalas.” Wato shi ke nan. Ba wanda ya sake ambaton sunansa. Tun daga ranar nake cije leɓe in ina ni kaɗai, don kada a ji ina magana ban sani ba.

Sufabaizanmu wani jan mutum ne mai saurin fushi, yana zagaye da mota ba sanarwa. Wata la'asar ya shigo ya same ni da kofin kofi a hannu, kofin yana ta fantsamo mini a yatsu. Ya tsaya yana kallo.

“Ajiye. Miƙo hannayenka.”

Na miƙa. Na yi iya ƙoƙarina in tsayar da su, suka ƙi.

“Kana shan ƙwaya?”

“Wallahi ba na sha, ranka ya daɗe.”

“To mene ne wannan? Mai gadi ne kai ko tsohuwa? Masu haya suna ƙorafi idanunka sun faɗa, yaransu suna tsoronka. Zan dawo ƙarshen wata. In na same ka haka, kai ma ka san hanyar filin jirgi.”

Da ya fita na jingina da bango.

A jikin benen akwai ɗan shagon shayi da abinci, can nake sayen kofi da lemo. Mai kula da shi Ba'indiye ne daga Kerala, sunansa Rajan, dattijo mai furfura a gashin baki. Ba Musulmi ba ne, wasu ranakun yakan zo da ɗan farin zane a goshi, saboda haka ban taɓa cin dafaffen abincinsa ba, ban da kofi abin da ke cikin leda ko kwalba kawai nake saya. Da guntun Larabcin kasuwa da guntun Turanci muke fahimtar juna.

Washegarin zuwan sufabaiza na shiga na ce ya ba ni lemo mai sanyi. Ya buɗe firij, ya dube ni, ya mayar ya rufe. Kafin in ankara ya kama wuyan hannuna ya ɗora yatsu uku. Na so in fizge, ya ce in tsaya. Ya runtse ido yana saurare kamar mai jiran waya. Ya ce in fito da harshe. Ya dubi farcena, ya shafa bayan hannuna ya ga yadda fatar ke tashi fari.

“Mafi barci?” ya tambaya. Wato ba na barci?

Gabana ya faɗi. Ban taɓa gaya wa kowa ba.

“Mafi banɗaki? Zuciya dum-dum-dum? Tsoro da yawa?”

Ya girgiza kai ya ce, “Vata. Hawa. Hawa da yawa a cikinka.” Ya sa yatsa yana juyawa a gaban cikina, ya hau da shi ƙirjina, ya kai shi gefen kaina yana ta juyawa.

Larabcin islamiyyata ya isa in san hawa iska ce. Ga mutumin da bai san ni ba, bai san gidanmu ba, mai zane a goshi, ya taɓa hannuna ya faɗi duk abin da nake ɓoyewa, sannan ya ce iska ta shige ni ta hau kaina. Ban san yadda na fita daga shagon ba. Na ji yana kirana, “Sadik! Sadik!” Wato aboki. Ban waiwaya ba.

Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi muni a rayuwata. Na daina bi ta gaban shagon. In Rajan ya leƙo ta gilashi ya ɗago mini hannu sai in juya baya ina karanta Ayatul Kursiyyu. Na shiga tofa addu'a a ruwa ina sha, na rage cin abinci gaba ɗaya na ce azumi zan yi ta yi. Duk motsin da cikina ya yi sai in ce ga ta nan tana yawo. Na fara sa ido a kan tunanina, in na tuna wani abin dariya sai in toshe baki da sauri.

Na kira Inna ranar Alhamis. Na ƙi kunna bidiyo, na ce netwok ne.

“Nasiru, muryarka ta canja. Kana cin abinci kuwa?”

“Ina ci, Inna. Gajiya ce kawai.”

“Kana barci?”

Kafin in amsa na jiyo Yaya Sabi'u daga zaure ya ƙyalƙyale da dariyar nan tasa mai tsawo. Inna ta jira har ya gama. Ta ce, “Ka riƙe addu'a, ka ji? Kai kaɗai nake kallo in ji sanyi.” Na ce to. Na kashe wayar na zauna a matakalar bene, na sa hannayena a hammata don su daina rawa.

Juma'a ce ranar hutuna. Akwai wani dattijo da muka saba a masallaci, Baba Issaka, ɗan Zangon Kumasi ne, ya daɗe yana tuƙa wasu Larabawa a wani gida a Al Thumama. Ƙato ne mai tumbi, mai magana a hankali, Hausarsa irin ta Gana, mace da namiji duk “ya” yake ce musu. Duk Juma'a bayan an sauko yakan dafa wake da shinkafa irin nasu a ɗakinsa na bakin get, duk wanda ya zo ya ci. Ranar na shiga jirgin ƙasan metro na je, ba don abincin ba. Ina so ne in bar wa wani lambar Inna kafin hankalina ya gushe.

Na jira sauran suka watse. Na ce, “Baba, in an wayi gari ka ji an mayar da ni gida, ko ka ji na fara abin da ba daidai ba, ga lambar mahaifiyata. Ka yi mata bayani a hankali.”

Ya ajiye cokali. “Subhanallahi. Yaro na, me ya same ka?”

Na kwashe komai na gaya masa, har da na Yaya Sabi'u, wanda ban taɓa gaya wa kowa a ƙasar ba. Bai katse ni ba. Da na zo kan Rajan ya ɗaga hannu.

“Tsaya. Da bakin shi me ya ce? Kalman da ya faɗi.”

“Hawa. Da wani abu, bata ko wata.”

“Vata?”

“Shi ne.”

Baba Issaka ya sauke wani dogon numfashi, ya shafa fuskarsa. Bai yi mini dariya ba, kuma har gobe ina gode masa da wannan. Ya ce, “Ba iskan da ka sani ba ne. Madam na gidan nan duk shekara ya na zuwa Indiya wajen masu wannan magani, kukun mu ma mutumin can ne. Ni ma sun kama hannu na. Sun ce ni kafa ne, wai ruwa da laka ya yi yawa a jiki na, in rage suga. Ka ga na rage?” Ya bubbuga tumbinsa. “Maganan abinci ne. Tashi mu je ka ji da kunnen ka.”

Na ce ba zan je ba. Ya ce in ban je ba zai ɗauke ni a kafaɗa, kuma da ganin yadda na koma ba zai sha wahala ba.

Muka tarar da Rajan yana goge tebur, shagon ba kowa. Da ya gan ni ya saki tsumman ya taho, ya dafa ƙirjinsa yana magana da sauri. Baba Issaka ya iya yarensu na kasuwa sosai, shi ya riƙa juya mini. Wai ya yi ta tunanin abin da ya faɗa mini da ya sa na gudu, ya ɗauka taɓa ni da ya yi ne haramun a wurinmu. Da Baba ya gaya masa abin da iska take nufi a garinmu, da labarin yayana, sai ya zauna a kujera ya riƙe kai. Ya ce, “La, la, la. Mafi shaiɗan.” Wato babu shaiɗan.

Ya ɗauko kofuna uku ya jera a tebur. Ya ce a maganin gargajiyarsu, wanda suke kira Ayurbeda, jikin kowane mutum yana da abubuwa uku, amma ɗaya yakan rinjaya tun haihuwa. Ya taɓa kofin farko: vata, iska. Mutanensa sirara ne, masu saurin tafiya da saurin magana, masu jin sanyi, fatarsu ba ta riƙe mai, tunaninsu ba ya zama wuri ɗaya. Ya taɓa na biyu: pitta, wuta. Masu zafin jiki da zafin rai, masu yawan gumi da ƙwannafi, su barkono da soye-soye ke cuta, kokwamba da ruwan kwakwa ke gyara su. Ya kwaikwayi tafiyar sufabaizana, har sai da na ji murmushi ya kuɓuce mini. Na uku ya nuna Baba Issaka kawai: kafa, masu nauyi da haƙuri da yawan majina, su ne ya kamata su ci yaji su guji zaƙi da maiƙo.

Ya dawo kan kofin farko. Ya ce iska busasshiya ce, mai sanyi, mara nauyi. Ni kuma mutumin iska ne, na tsaya ƙarƙashin iska mai sanyi yini guda, ina cin busasshen biskit, ina kora shi da ƙanƙara, ina zuba kofi a kan cikin da ba komai. Ya ce wata uku ke nan yana kallona ina ƙara wa abin da ke cina ƙarfi, ya rasa yadda zai yi mini magana.

“To me zai ci?” in ji Baba.

Abu mai ɗumi, in ji Rajan. Abu mai ruwa-ruwa, mai laushi, mai maiƙo. A kan lokaci, kullum, ko ba na jin yunwa. Man shanu a komai. Madara mai ɗumi da citta kafin kwanciya, dabinon da aka jiƙa, ganyen da aka dafa ba ɗanye ba. Ban da ƙanƙara, ban da kofi. In shafa man riɗi a tafin ƙafa da ƙeya, in rufe wuyana.

Ina sauraro sai na ga ai ba baƙon zance ba ne. Kakata ta wajen uwa haka take raba abinci, wannan mai sanyi ne, wancan mai zafi ne, mai jego kada ta sha kaza, mai sanyin ƙashi ya ci kaza. Kunun kanwa da tuwo mai laushi da miyar kuka da man shanu yake kwatanta mini da yarensa. Duk da haka zuciyata ba ta kwanta ba. Na ce Baba ya tambaye shi, in ba zai ji haushi ba, ko ana karanta wani abu a kan abincin, ko ana kai shi gaban wani abin bauta.

Rajan bai ji haushi ba. Ya shiga ciki ya fito da wata 'yar kula ta ƙarfe ya buɗe. Fate ne na shinkafa da wasu ƙananan koren wake, ya dahu ya yi luguf, man shanu yana yawo a sama. Kanji suke kiransa. Ya lissafa mini abin da ke ciki da yatsu: shinkafa, wake, gishiri, citta, wata 'yar ƙwaya mai ƙamshi da suke ce wa jira, mai. Ko nama babu. Ya ce in yi tawa addu'ar a kai, ta fi.

Baba Issaka ya yi bisimilla ya fara kai cokali. Sannan na ci. Ɗumin ya sauka mini tun daga maƙogwaro har cibiya, na ji kamar wani abu da ya ƙulle a cikina ya ɗan saki. Ban iya cinye rabi ba, idona ya cika da ƙwalla.

Sai Rajan ya ƙara da maganar da ta mayar da ni inda na fito. Ya ce shi ba likita ba ne, kakansa ne mai maganin, shi tsintar kaɗan ya yi. Cikin idona ya yi fari da yawa, lallai in je asibiti a duba jinina.

Asibiti nake tsoro fiye da komai. A tunanina duk abin da likita ya rubuta kai tsaye ofishin kamfani zai tafi, daga nan sai a naɗe katifata. Na yi ta kawo uzuri har sati ya zagayo. Baba ya zo da kansa ya sa ni gaba zuwa asibitin ma'aikata. A layi na ga ƙofar fita a buɗe, sau biyu ina miƙewa yana jawo rigata.

Likitar 'yar Sudan ce, mai yawan shekaru. Bayan an ɗebi jini sakamako ya fito, ta ce jinina ya yi ƙasa sosai, jikina kuma ba ruwa. Ta tambayi abin da nake ci, na faɗa, ta cire tabarau ta dube ni. Ta tambayi barci. Ta tambaya ko a danginmu akwai mai ciwon ƙwaƙwalwa. Na ji in na faɗa na kashe kaina, in na ɓoye kuma ba zan taɓa sanin gaskiya ba. Na faɗa.

Ta yi mini tambayoyi da yawa. Ko ina jin muryoyi, ko ina ganin abin da wasu ba sa gani, ko ina jin ana bina. Na ce a'a, tsoro ne kawai ba ya barina. Ta ce abin da take gani a gabanta yunwa ce da kofi da damuwa, kuma damuwa ciwo ce da ake magani, ba a korar mutum a kanta. Ba ta yi mini alkawarin komai game da gaba ba, ta ce in dawo ta sake ganina. Ta rubuta mini maganin ƙarin jini. Na tambaye ta batun abincin Ba'indiye. Ta ce ita ba ta karanci iska da wuta ba, amma abinci mai ɗumi a kan lokaci ba zai cuce ni ba, sai dai kada in sha wani gari ko jiƙo ban nuna mata ba.

Daga ranar, duk azahar Rajan zai ƙwanƙwasa gilashi, in fita in karɓi kanji da kofin ruwan ɗumi mai jira. Kuɗin shayi kawai yake karɓa, na ɗauka haka farashin abin yake. Na sa rigar sanyi a ƙarƙashin kaki, na naɗa ƙyalle a wuya. Barin kofi ya ba ni ciwon kai na kwanaki har na yi zaton abin ne ya dawo. A ɗaki na daina jiƙa gari, na koma dama kunu da garin gero da wani ɗan Kano ya sam mini. 'Yan ɗakinmu suka yi ta tsokanata da warin man riɗi.

Ba a rana ɗaya na warke ba. Cikina ne ya fara daidaita, sai fata. Barcin ya fi daɗewa, yau ya zo, gobe ya ƙi, kuma duk ranar da ya ƙi sai tsoron ya taso sabo fil. Ban san wanne ya yi aikin ba, ƙwayar likita ko kular Rajan ko kuwa jin da na yi cewa iskar tawa ba ta Yaya Sabi'u ba ce. Ban tsaya rarrabewa ba, duka na riƙe.

Sufabaiza bai zo ƙarshen wata ba, sai da ya ƙara kwanaki, kullum in ji ƙarar mota gabana ya faɗi. Ranar da ya zo ina cikin taimaka wa wata mata da keken jariri. Ya jira ta wuce.

“Hannu.”

Na miƙa. Suna rawa, amma kaɗan, kuma na san wannan karon tsoronsa ne sanadi. Ya dube su ya daɗe. Ya dubi fuskata, ya ja ƙyallen wuyana da yatsa.

“Wannan ba ya cikin kaki.”

“Sanyi ne, ranka ya daɗe.”

Ya ɗaga kai ya kalli bakin na'urar da ke samana, ya yi tsaki. Ya ce tunda ba na son sanyi, daga gobe an mayar da ni get ɗin wasu gidaje can bayan Al Thumama, in je in sha rana in ƙoshi. Ya fita. Shi a ganinsa horo ya yi mini. Ni kuwa ban ji kalmar filin jirgi ba, wannan kawai kunnena ya riƙe.

Da na tashi aiki na leƙa shagon, Rajan ya fita sayayya. Bas ba ta jira. Washegari da asuba wata hanyar aka bi da ni.

Sabon wurin da nisa, ranar hutuna ma aka canja ta, sai da aka yi makonni kafin na samu na koma Bin Mahmud. Na saya masa dabino mai kyau a leda, na sa rigata ta gida don ya ga yadda na cika ta. Na tarar da wani saurayi a bayan kanta wanda ban sani ba. Na tambaye shi ina Rajan. Ya ce ya koma Kerala, matarsa ce ta kwanta ciwo, ba a san ko zai dawo ba. Lambarsa ta nan ta daina aiki.

Don kada in fita haka nan, na ce to ya zuba mini kanji.

“Mafi kanji,” in ji shi. Ya nuna mini allon da ke bango: shayi, gurasar faratha, ƙwai, sanwici. Na ce ai kullum nan nake ci. Ya ce shagon nan bai taɓa sayar da kanji ba.

Mai suyar faratha, wani ɗan Bangaladash da ya daɗe a wurin, ya leƙo daga ciki yana goge hannu. Ya gane ni, ya washe baki.

“Kai ne mai gadin nan! Ka yi ƙiba.” Ya juya ya yi wa saurayin bayani da yarensu, sannan ya dawo kaina. “Ba na shago ba ne. Na Rajan ne. A ɗakinsa yake dafawa da asuba ya zo da shi, abincin ranarsa. Cikinsa ba ya son abincin shago.”

Na ce, “To shi me yake ci in ya ba ni?”

Ya ɗaga kafaɗa. “Shayi. Wani lokaci ayaba.”

Wani ya shigo yana neman ƙwai, suka koma kan aikinsu. Na ajiye ledar dabinon a kan kanta na ce su raba. Na fito na zauna a dakalin gefen titi, rana tsaka, motoci suna wucewa, na rufe fuskata da hula na yi kukan da ban yi ba tun da na sauka ƙasar.